Ɓawon Yunwa da Ɓawon Ƙamshi: Tarihin Burodin Kirfa na Suwidin

Duk ranar 4 ga watan Oktoba, wanda ya bi titunan Stockholm da safe ƙamshin kirfa da bota ne zai fara tarbarsa daga gidajen burodi. A ofisoshi ana ajiye shi cikin faranti kusa da butar gahawa, a gidaje uwaye da 'ya'ya na murza ƙullu a kan tebur. Ranar kanelbulle ke nan. Kanel a harshensu kirfa ce, bulle kuma ɗan dunƙulen burodi. Ƙullun alkama ne mai madara da yis, a shimfiɗa shi, a shafe da bota da sukari da garin kirfa, a naɗe kamar tabarma, a yayyanka, a gasa. Mai ganin yadda 'yan Suwidin ke ji da shi zai ɗauka tun kaka da kakanni suke ci. Alhali a siffar da aka san shi yau, shekarunsa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, ranar bikinsa kuwa sai a 1999 aka ƙirƙiro ta.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne ɓawon itacen da kakannin waɗannan mutane suka ci kafin kirfa. Suwidin ƙasar talakawa ce har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Sanyi bai barin alkama ta yi kyau sai a kudu, don haka abincin yau da kullum na hatsin rai ne da sha'ir da ot, a gasa shi busasshe mai rami a tsakiya, a rataye a sanda ya yi watanni. A 1867 bazara ta ƙi zuwa. A arewacin ƙasar ƙanƙara na kwance a gonaki har cikin watan Yuni, aka yi shuka a makare, sanyin kaka kuma ya riga girbi. Shekarar da ta biyo fari ya afka wa kudu. Mutane suka shiga daji suna saɓule ɓawon ciki na itacen da suke kira tall, mai ganye kamar allura, su busar, su gasa, su niƙa, su gauraya da ɗan garin da ya rage. Sunan wannan abinci barkbröd, burodin ɓawo. Wanda ya taɓa jin tsofaffi na ba da labarin shekarun da aka koma ga anza da ganyayen daji ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke kai mutum ga haka. Daga waɗannan shekaru hijira zuwa Amurka ta kankama, kuma kafin 1930 'yan Suwidin fiye da miliyan ɗaya sun haye teku.

Kirfa ma ɓawon ciki ce, sai dai tafiyarta ta fi nisa. Mu ma sunanta daga Larabci muka aro, ƙirfa, wadda asalin ma'anarta ɓawo. Shekaru aru-aru fataken Larabawa na kai ta Bahar Rum ba tare da masu saye sun san inda take fitowa ba. Hirodotus, marubucin tarihin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta abin da aka gaya masa: wasu manyan tsuntsaye ne ke gina sheƙa da sandunan kirfa a kan duwatsun da ba su hawuwa, sai a yanka musu manyan tsokoki, su ɗauka su kai sheƙa, nauyi ya rushe ta, mutane su tsince sandunan. Ɗan kasuwar da ke da irin wannan labari ba zai sha wahalar ciniki ba. Ibn Battuta kuwa da idonsa ya gani. A 1344 ya sauka tsibirin Sarandib, Siri Lanka ta yau, ya tarar da itatuwan kirfa jibge a bakin teku, ambaliya ta kwaso su daga tsaunuka, mutanen kudancin Indiya na ɗiba suna ba sarki 'yar kyauta. Wannan matafiyi shi ne bayan shekara tara ya isa Takadda ta ƙasar Azbin, har ya ambaci Gobir a cikin labarinsa.

Turawan Fotugal sun isa tsibirin a farkon ƙarni na 16, suka ɗora wa Sarkin Kotte harajin kirfa na shekara-shekara. Kamfanin Holan na Gabashin Indiya ya ƙwace Galle a 1640, Kolombo a 1656, ya gama korar su a 1658. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin nauyin ya faɗa ne kan mutanen da ake kira Salagama, waɗanda ɓare kirfa gadonsu ne. An yanka wa kowane namiji adadin da zai kawo duk shekara tun yana yaro, adadin na ƙaruwa yayin da yake girma. Sukan shafe watanni a daji suna neman itacen, da yawa suka gudu zuwa ƙasar Kandi da ke kan tsaunuka don su tsira. Sayar da kirfa a bayan idon kamfanin laifi ne da ke iya kai mutum ga kisa. A 1760 kuma, a Amsterdam, kamfanin ya cinna wa tulin kayan ƙamshi wuta, har da kirfa, don kada farashi ya faɗi. Wahalar mutane ta watanni ta tashi hayaƙi a yini guda. Sai wajen 1770 aka fara shuka itacen a gonaki kusa da Kolombo, unguwar da har yanzu ake kira da sunan lambunan kirfa. Ingila ta karɓe gaɓar tsibirin a 1796, ta soke kankane cinikin a 1833. Daga nan, da kuma shigowar 'yar uwarta kasiya mai arha daga Sin da Indunisiya, kirfa ta sauko daga teburin sarakuna.

Saura sauran kayan haɗin, kowanne da ranar zuwansa. Gahawa ta sha haramci a Suwidin sau biyar tsakanin 1756 da 1823, mutane ba su daina sha ba, har daga baya ta haifi fika, hutun gahawa da ɗan abin taɓawa wanda ma'aikata ba su wasa da shi. Kalmar kanta juya harufan kaffi aka yi. Sukari ya yi arha da aka fara noman gwozar sukari a lardin Skåne a ƙarshen ƙarni na 19. Injinan niƙa na zamani suka fitar da farar fulawa, aka fara sayar da yis a dunƙule, murhun ƙarfe mai tanda ya maye gurbin buɗaɗɗiyar wuta a ɗakunan girki, ta yadda mace za ta iya gasa ƙaramin abu ba tare da ta hura babbar tandar gida ba.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, amma an toshe hanyoyin teku. A 1917 sai da kati ake sayen burodi, kuma a bazarar shekarar mutane, mata a gaba a garuruwa da dama, suka fito zanga-zangar yunwa. Da aka ɗage takunkumin abinci bayan yaƙin, fulawa da bota da sukari suka dawo kasuwa, a shekarun 1920 ne kanelbulle ya bayyana a shagunan gahawa da gidajen burodi. Ba a jingina shi ga wani mutum guda. Ko a lokacin ma abin sha'awa ne na mai ɗan hali. Shigarsa kowane gida sai a shekarun 1950, lokacin da albashi ya ƙaru, gidaje suka sami tandar lantarki ko ta gas. A 1945 aka buga littafin Sju sorters kakor, wato kek kala bakwai, wanda aka tattara daga girke-girken da matan gida suka aika wa wata gasa, kuma har gobe ana sake buga shi. Sunan ya fito daga tsohuwar al'adar kafferep, walimar gahawa ta mata, inda uwar gida ke fitar da kala bakwai don ta fita kunyar baƙi.

Yadda ake yin sa a gida bai canza sosai ba tun lokacin. A ɗumama madara daidai zafin jiki, digiri 37, domin in ta fi haka zafi sosai yis ya mutu. A zuba bota, sukari, ɗan gishiri da dakakken kadamom, ƙwayar ƙamshin nan dangin citta da Larabawa ke sakawa a gahawa. A ganina ita ke hana zaƙin ya gundure mutum. A kwaɓa da fulawa har ƙullun ya daina kama hannu, a rufe shi ya tashi. Sai a murza, a shafa haɗin kirfa, a naɗe a yanka, ko a yanka sirara a murɗa a ƙulla. A bar shi ya sake tashi, a shafa ƙwai, a barbaɗa fararen ƙwayoyin sukari da ba su narkewa a wuta. Tanda mai zafi, wajen digiri 225, minti takwas zuwa goma. Duk aikin haƙuri ne da jiran ƙullu, kuma shi ya sa yara ke koyonsa da wuri: hannunsu na iya shafa bota, idonsu na iya gadin ƙwarya.

Maƙwabta kowa da nasa. A Finlan korvapuusti, wai marin kunne, saboda yadda ake danna tsakiyarsa. A Denmak kanelsnegl, katantanwar kirfa. A Bergen ta Norwe skillingsbolle, da sunan tsabar kuɗin da ake sayensa da ita. Baƙin Jamus suka kai irin nasu jihar Pennsylvania, Amurkawa suka ƙara masa girma da zaƙi, suka lulluɓe shi da farin kirim, har Cinnabon ya buɗe shagonsa na farko kusa da Seattle a 1985.

Ranar bikin kuwa wata majalisar ƙarfafa gashin gida ce, Hembakningsrådet, ta ƙirƙiro don cikarta shekara 40, bisa shawarar Kaeth Gardestedt. Masu fulawa da sukari da yis ne ke bayan majalisar a lokacin, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma talla ba ta dasa abin da ba shi da saiwa, kuma mutane sun karɓi ranar hannu bibbiyu domin kowa na da kakar da ya tuna.

A 2013 aka yi ce-ce-ku-ce da ya tuna wa mutane cewa kirfa iri biyu ce. Kasiya, wadda ita ce akasarin abin da ke kasuwa, tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke iya cutar da hanta. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 15 a kilo ga kayan gashi na yau da kullum, 50 ga na gargajiya. Suwidin ta sa nata a sahun gargajiya. Hukumar abincin Denmak ta so sa nata a ɗayan sahun, masu gidajen burodi suka yi caa, a 2014 aka sasanta aka ba shi matsayin gargajiya.

Kirfar Siri Lanka kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai, launinta ya fi haske, ɓawonta siriri ne har yana karyewa a yatsa. A ƙauyukan kudancin tsibirin, wajen Galle da Matara, har yau da hannu ake aikinta. Mai ɓara zai sare reshe da sassafe, ya zauna a ƙasa, ya kankare fatar waje, ya goge reshen da sandar tagulla har ɓawon ciki ya saki, ya tsaga shi da 'yar wuƙa ya zare. Sai ya cusa ƙanana cikin manya, ya jera su a kan igiya a inuwa, su yi kwanaki suna naɗe kansu yayin da suke bushewa.