Layin Ruwan Sama da Iyakar Noma: Nazarin Tushen Ilimin Labarin Ƙasa daga Korahane ta Gundumar Dakwaro

An saba raba ilimin labarin ƙasa gida biyu: ɓangaren halitta, wanda yake nazarin surar doron ƙasa da yanayi da ruwa da tsirrai, da ɓangaren ɗan'adam, wanda yake duba yawan jama'a da matsugunansu da sana'o'insu. Wannan rabo yana sauƙaƙa wa malami tsara darasi, amma yakan sa ɗalibi ya ɗauka cewa ɓangarorin ba su da jiɓi da juna. Maƙalar nan ta ɗauki Korahane, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, domin nuna cewa a irin wannan wuri ba a iya bayyana ɗayan ba tare da ɗayan ba.

Abu na farko shi ne matsayi. Masana sun shata wa duniya layukan kwance na ƙiyasi da ake kira latitud, waɗanda suke auna nisan wuri daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. Korahane tana tsakanin digiri 14 da 15 arewa da ikwaita, kuma saboda duniya tana karkace da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana, rana takan tsaya daidai bisa kan mazauna yankin sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Duk da haka zafin lokutan biyu ba ɗaya ba ne, domin na farko yana faɗowa cikin bazara, lokacin da ƙasa ta bushe kuma sarari ba gajimare, na biyu kuwa cikin tsakiyar damina. Daga nan ɗalibi zai gane cewa latitud kaɗai ba ya yanke hukuncin yanayi, sai an haɗa da tafiyar iska.

Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a Afirka ta Yamma: busasshiyar iskar hunturu mai tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, da iska mai laima da take fitowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Mahaɗarsu tana hawa arewa daga bazara har ta kai ƙarshen tafiyarta a Agusta, sannan ta koma kudu, saboda haka gwargwadon nisan gari zuwa arewa, gwargwadon jinkirin saukar damina da saurin ɗaukewarta. Birnin Maraɗi yana samun kimanin milimita 500 na ruwa a shekara, yankin Dakwaro ƙasa da haka, Agadas kuwa ba ta kai rabin na Dakwaro ba. Idan aka haɗa wuraren da ruwansu ya yi daidai da layi guda a taswira, an sami layin daidaiton ruwa, kuma a kan wannan ma'ana ce sauran bayanin ya rataya.

A ranar 26 ga Mayu 1961 gwamnatin Nijar ta kafa doka mai lamba 61-05, wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da yake bayanta ga makiyaya. Iyakar ta yi kusa da layin milimita 350, kuma a jihar Maraɗi ana danganta ta da Kwarin Tarka, tsohuwar hanyar kogi da ta daina gudana, wadda ta taso daga jihar Damagaram ta ratsa ƙasar Dakwaro ta nufi Madawa. Kwarin shaida ne cewa yankin ya taɓa samun ruwa fiye da na yau, kuma ƙasarsa ta fi ta jigawa riƙe danshi, abin da ya sa manomi da makiyayi duk suke kwaɗayinsa.

Raunin dokar, a ra'ayin wannan maƙala, shi ne ta ɗauki matsakaicin lissafi ta mai da shi iyaka tsayayya. Matsakaici ana samun sa ne ta haɗa ruwan shekaru da yawa a raba, galibi shekara 30, alhali ruwan Sahel yana iya ninkuwa bana ya ragu da rabi baɗi. Shekarun 1950 sun kasance masu albarkar ruwa, sai fari ya biyo baya a 1973 zuwa 1974 da kuma 1984, layukan ruwa suka ja da baya zuwa kudu. Da yanayi kaɗai ne yake tafiyar da mutane, da gonaki ma sun bi su. Akasin haka aka gani, domin ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wadda take ninka jama'a cikin kimanin shekara 18. Da gonakin kudu suka yi kaɗan, saurar da ake bari ta huta ta ƙare, sai manoma suka yi ta sassabe zuwa arewa, wasu makiyayan da fari ya cinye dabbobinsu su ma suka kama fartanya.

Ana kiran yanki irin na Korahane yankin noma da kiwo, inda Hausawa da Fulani da Buzaye suke cin moriyar ƙasa ɗaya a lokuta daban-daban: gero da wake da damina, kara da harawa bayan kaka, lokacin da garkuna suke gangarowa daga wajen Bermo da Gadabeji. Wannan kai-komo yana buƙatar burtali, wato hanyar dabbobi tsakanin gonaki, da makiyaya da mashaya, kuma inda gona ta cinye burtali nan rikici yake tasowa. Dokar karkara ta 1993 ta samar da kwamitocin filaye masu shata waɗannan wurare, dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta sake tabbatar da iyakar 1961, ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙin makiyayi, ko da yake gonaki sun riga sun ƙetare layin a wurare da dama kafin a sa mata hannu.