Birnin Salt Lake City da Haruffan Deseret: Taƙaitaccen Tarihi

A wannan maƙala za mu duba kafuwar birnin Salt Lake City, a yammacin Amurka, ta fuskar siyasar harshe.

Bayan kashe Joseph Smith, wanda ya kafa ɗariƙar Mormon, a shekara ta 1844, mabiyansa sun yi ƙaura daga Nauvoo ta jihar Illinois. Jagoransu Brigham Young ya iso kwarin Tafkin Gishiri ran 24 ga Yuli 1847, cikin ayarin farko na mutum 148. A lokacin yankin na ƙarƙashin Meziko, kuma ƙabilun Shoshone da Ute ne ke zaune a cikinsa. Sai a 1848 ya koma hannun Amurka.

Manufar waɗannan baƙi ita ce kafa al'umma keɓaɓɓiya. A 1849 suka nemi a ba su jiha mai suna Deseret, wato ƙudan zuma a cikin littafinsu. Majalisar Amurka ta ƙi, ta kafa yankin Utah a 1850.

Wannan manufa ta kai har ga rubutu. A 1854 hukumar Jami'ar Deseret ta fitar da sababbin haruffa 38 don rubuta Ingilishi, kowane harafi da sautinsa. George D. Watt, masanin gajeren rubutu, na cikin waɗanda suka tsara su. Hujjar da aka bayar ita ce sauƙaƙa karatu ga yara da kuma sababbin mabiya ƴan ƙasashen arewacin Turai. An buga littattafan koyon karatu biyu a 1868, sannan Littafin Mormon a 1869.

To amma a wannan shekara ta 1869 aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa yamma a Promontory, reshensa kuma ya shigo birnin a 1870. Jaridu da littattafai masu haruffan Latin suka kwararo, tare da ƴan kasuwa da masu haƙar ma'adinai da ba Mormon ba. Da Young ya rasu a 1877 aka yi watsi da haruffan. Utah ta zama jiha a 1896, birnin ya zama babban birninta.

A ganinmu, dacewa da sauti ba ta isa ta raya tsarin rubutu. Yana bukatar makarantu da maɗaba'a da abin karantawa. Haruffan Deseret sun samu gurbi a tsarin Unicode na kwamfuta a 2001, sama da ƙarni ɗaya bayan sun rasa masu karatu.