Sawu, Fata da Ƙoƙon Kai: Waiwaye a Kan Tarihin Farautar Ɓoyayyun Dabbobi

A shekarar 1812 shahararren masanin dabbobin nan na ƙasar Faransa, Georges Cuvier, ya yanke hukunci cewa da wuya a sake samun wata babbar dabba mai ƙafa huɗu a doron ƙasa wadda ba a riga an santa ba. A wancan zamani ba kowa ne ya isa ya ja da shi ba, domin kuwa shi ne uban tafiya a fagen nazarin ƙasusuwan dabbobi. Sai dai duniya ba ta bi umarninsa ba. A 1847 aka bayyana wa Turawa gwaggon biri na kurmin Gabon, a 1869 kuma wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Armand David ya ci karo da fatar fanda, dabbar nan mai fari da baƙi, a gidan wani mutum a ƙasar Sin. Abin tambaya a nan shi ne, idan an ce ba a san dabba ba, wa ake nufi? Mutumin da ya rataye fatar a ɗakinsa dai ya santa, haka ma wanda ya harbo ta. Wannan tambaya ce za mu bi sawunta a cikin wannan maƙala.

Neman dabbobin da ake jin labarinsu amma ba a riƙe su a hannu ba ya samu suna da tsari ne ta hannun Bernard Heuvelmans, wani masanin dabbobi ɗan Beljiyam, wanda a 1955 ya wallafa littafi da Faransanci a kan bin sawun dabbobin da ilimi ya yi biris da su. Fagen ne ake kira kiriftozuloji, wato ilimin ɓoyayyun dabbobi. A 1982 aka kafa masa ƙungiya ta ƙasa da ƙasa a birnin Washintan, ta kuwa mutu a 1998. Fage ne da ya tara gaskiya da shirme a tukunya ɗaya, tun daga dodon tafkin Loch Ness har zuwa mutumin ƙanƙara na tsaunukan Himalaya, shi ya sa jami'o'i ba su taɓa buɗe masa sashe ba. Amma da ƙungiyar ta tashi zaɓen tambari, sai ta zaɓi dabbar da babu mai musun akwai ta, wato okafi. Labarin okafi kuwa ya cancanci mu ɗan zauna a kansa.

A littafin da ya fitar a 1890, ɗan yawon nan Henry Morton Stanley ya ambata cewa Mbuti, gajerun mutanen da ke zaune a kurmin Ituri na ƙasar Kwango, ba su yi mamakin ganin jakunansa ba, domin a cewarsu suna kama irinsu a ramin tarko a cikin daji. Maganar ta tsaya wa Harry Johnston a rai. A 1900, yana wakilin Ingila na musamman a Yuganda, aka kuɓutar da wasu 'yan Mbuti daga hannun wani Bajamushe da ya sato su da niyyar kai su baje kolin birnin Faris, a riƙa biyan kuɗi ana kallonsu. Kafin a mayar da su gida suka zauna a wurin Johnston, ya yi ta yi musu tambaya, suka kuwa siffanta masa dabbar, suka gaya masa sunanta. Da ya raka su zuwa Kwango, sai suka shiga kurmi tare, masu ja-gora suka nuna masa sawu a ƙasa suka ce ga sawunta nan.

Johnston ya duba ya ga kofato tsagagge irin na barewa, alhali shi tun daga Yuganda ya riga ya ƙulla a ransa cewa wani irin doki ne ko jakin dawa yake nema, kuma kowa ya san kofaton doki dunƙulalle ne. Saboda haka sai ya ƙi bin sawun, yana zaton ja-gorar suna yi masa wasa da hankali. Abin da ya dawo da shi bai wuce ƙyallayen fata biyu masu ratsin fari da baƙi ba, waɗanda ya samu a wani sansanin soja, inda aka mayar da su ɗamara. Su ya aika Landan, can kuma Philip Sclater ya dube su a farkon 1901 ya raɗa wa dabbar suna a matsayin sabon jinsin doki. Kuskure ya hau kan kuskure ke nan. Sai da wani hafsa ɗan ƙasar Suwidin mai suna Karl Eriksson, wanda yake aiki a Kwango, ya aiko da cikakkiyar fata da ƙoƙon kai biyu, sannan ta tabbata cewa dabbar ba ta haɗa komai da doki ba. 'Yar'uwar raƙumin dawa ce, ita kaɗai ce ma danginsa da ta rage a raye, kuma kofatonta tsagagge ne kamar yadda aka nuna wa Johnston a ƙasa. Ray Lankester ya buɗe mata sabon babi a littafin masana cikin wannan shekarar.

To, a duba sunan da ta tashi da shi: Okapia johnstoni. Rabin farko daga bakin mutanen kurmi aka ɗauko shi, rabin na biyu sunan mutumin da aka nuna wa sawu ya ƙi yarda ne. Ba mu ce Johnston bai yi ƙoƙari ba, don da bai saurara ba tun farko da ba a je ko'ina ba, kuma ya fi yawancin takwarorinsa kunne. Amma littattafan tarihi sun ce an gano okafi a 1901, kamar dai kafin nan ba ta taɓa faɗawa ramin kowa ba. Irin wannan ya sake faruwa a 1992, lokacin da masana suka ga ƙahonin dabbar saola a gidan wani maharbi a Biyetnam, aka kuma shelanta sabuwar dabba. Ita dai okafi sananninta bai zame mata alheri ba. A watan Yunin 2012 'yan bindiga suka afka wa cibiyar kula da ita a Epulu, suka kashe mutum 6, okafi 14 da ake kiwo a wurin kuma suka salwanta, a 2013 aka sanya ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da mutanen wuri suka faɗa daidai ne, yadda suka faɗe shi. Mu da muke mu'amala da adabin baka mun san labari yakan ƙara ƙiba a kowane baki ya kwana, kuma sau da yawa mai ba da labari ya ga abu da gaske, fassarar da ya yi masa ce ta kauce. Misali mai kyau shi ne na sarkin rabbi. Rabbi dai ita ce dabbar nan mai kama da damisa, siririya, wadda babu mai gudunta a cikin dabbobin tudu. A 1926 wani hafsan soja mai suna Cooper ya jawo hankalin masana ga wata fata daga Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau, wadda maimakon ƙananan ɗigo-ɗigo sai ga manyan tabbai da baƙaƙen ratsi a gadon baya. Mutanen ƙasar suna da sunan dabbar, nsuifisi, suna kuma cewa barbarar damisa ce da kura. Masanin Landan Reginald Pocock ya ce a'a, sabon jinsi ne, ya ba shi suna a 1927, ya kuma janye maganarsa a 1939. Gardamar ta mutu a 1981, lokacin da aka haifi 'ya'ya biyu masu irin wannan fata a cibiyar kiwon rabbi ta De Wildt a Afirka ta Kudu, iyayensu kuwa rabbi ne na yau da kullum. A 2012 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo haka, sai ga shi ita ce dai take canza zanen jikin kyanwar gida. Maharba sun yi gaskiya da suka ce akwai dabbar, sun yi kuskure a kan iyayenta, masanin ma ya yi nasa kuskuren, illa dai nasa an rubuta shi da Latin.

Marozi, zakin nan mai rodi-rodi da ake cewa yana tsaunukan Abadiya na Kenya, bai ma samu wannan sa'ar ba. A 1931 wani manomi Bature ya harbe wasu ƙananan zakoki biyu masu ɗigo a jiki, Kenneth Gandar Dower kuma ya kashe kuɗi da ƙarfinsa wajen neman mai rai, ya dawo da littafi a 1937 ba tare da zaki ba. Da yake ana haihuwar 'ya'yan zaki da ɗigo-ɗigo, wasu kuma sukan daɗe bai goge ba, masana da yawa sun tsaya a kan cewa matasan zakoki ne kawai.

Inda tarihin ya yi juyin waina shi ne a ƙasar Birtaniya kanta. Tun daga shekarun 1960 mutanen gundumar Sari, kudu da Landan, suka fara kai wa 'yan sanda rahoton sun ga fuma, wata babbar kyanwar daji ta nahiyar Amurka. Ƙasar da ta saba aika masu binciken labarin wasu, ga shi nata manoman sun zama masu ba da labari, da rantsuwa, da nuna sawu a taɓo. Maganar kuwa ba ta rasa tushe ba. A wancan zamani mai kuɗi yana iya sayen ɗan zaki kamar yadda zai sayi agogo. A 1969 ma wasu samari biyu sun sayi ɗaya a kantin Harrods na Landan, daga baya aka kai shi Kenya aka sake shi. A 1976 aka kafa dokar da ta tilasta wa mai riƙe da dabba mai haɗari ya yanki lasisi ya kuma yi inshora, mutane da dama kuma suna ganin a lokacin ne wasu suka buɗe keji da dare suka huta. Tun ma kafin haka dabbobi kan kuɓuce. Akwai wata kyanwar dajin Kanada da aka harbe a Debon a 1903, gawarta ta yi fiye da shekara ɗari a gidan adana kayan tarihi na Biristol kafin binciken 2013 ya nuna daga haƙoranta cewa ta daɗe a hannun mutane.

A watan Oktoba na 1980 wani manomi a Kanik, arewacin Sikotilan, ya gaji da asarar dabbobi da kuma dariyar da ake yi masa, ya ɗana tarkon keji, ya wayi gari da fuma a ciki. Aka sa mata suna Felicity. Da aka duba sai aka tarar ta saba da mutane ƙwarai, alamar dabbar gida ce da aka yasar, ta kuma ƙarasa rayuwarta a gidan namun daji har 1985. Shekara uku bayan kama ta, wato 1983, wani makiyayi a yankin Ekismuwa ya ce ya yi asarar tumaki kusan 100 cikin wata uku. A nan ne za a ga bambancin bakin da ya yi magana. Mbuti sun nuna sawu na gaskiya an ƙi bin su, amma da manoman Ingila suka yi kuka, sai gwamnati ta tura zaratan sojojin ruwa da bindigogi masu gani cikin duhu, suka kwana a daji makonni suna dako. Ba su harbo kyanwa ko ɗaya ba. Mu dai ba mu ga laifin gwamnatin da ta ji kukan makiyayinta ba, tumakin da suka mutu dukiyar mutum ce, ko kare ne ya kashe su ko wani abu daban. Abin lura kawai shi ne, a can Ituri akwai dabba babu mai yarda, a nan kuwa an yarda tun ba a ga dabba ba.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma wannan tarihi ya nuna ganin ma yana buƙatar mai tantance shi. Baƙar kyanwar gida a kan tudu da magariba, babu itace ko mutum kusa da ita da za a gwada girmanta, tana iya zama damisa a idon mai gaskiya. Abin da masana suka kafe a kai shi ne, da a ce akwai garken manyan kyanwoyi suna hayayyafa a ƙasa mai yawan motoci da karnuka da masu ɗaukar hoto irin Ingila, da tuni an tsinci gawarwaki a bakin titi, kamar yadda ake tsintar na dila da barewa. Ɗaiɗaikun da suka kuɓuce daga keji kuwa babu mai musunsu.

A 1995 ma'aikatar gona ta Birtaniya ta gudanar da bincike na musamman a kan abin da jaridu suke kira dodon Bodmin, a gundumar Konwal. Aka duba hotuna, da majigi, da sawu, da gawarwakin dabbobi, rahoto ya fito cewa babu wata tabbatacciyar shaida. Ba a yi mako guda ba sai wani yaro ya tsinci ƙoƙon kai mai manyan fiƙoƙi a kogin Fowi, jaridu suka ɗauka, aka ce gwamnati ta ji kunya. Aka kai ƙoƙon gidan tarihin halittu na Landan, masana suka tabbatar lallai na damisa ne, matashin namiji. Sai dai sun lura an yanke ƙeyarsa sumul, irin yankan da ake yi idan za a haɗa kai da fata a yi buzun ƙawata ɗaki, ga kuma shatin wuƙar jima a jikin ƙashin. Da suka leƙa cikinsa, sai suka tarar da kwanson ƙwan wani kyankyaso na ƙasashe masu zafi, irin wanda ba ya rayuwa a sanyin Konwal.