Raspberry Pi

Raspberry Pi wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da aka haɗa dukkan kayan cikinta a kan allo guda, wadda girmanta bai fi katin cirar kuɗi na banki da yawa ba. Gidauniyar Raspberry Pi da ke Kambirij a Ingila ce ta ƙirƙiro ta, bisa jagorancin Eben Upton, domin 'yan makaranta su samu na'ura mai araha ta koyon rubuta manhaja. An fara sayar da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35.

Haka take zuwa tsurarta, ba madannai, ba akwati. Mai ita ne zai jona ta da talabijin, ya saka mata katin ajiya mai ɗauke da manhajar Linux, sannan ya ba ta wuta da caja irin ta wayar hannu. A gefenta akwai jerin 'yan tsinkayen ƙarfe, guda 40 a sababbin samfura, inda ake maƙala fitila, ƙaramin inji ko ma'aunin zafi. Waɗannan tsinkaye su ne sirrin farin jininta. Da su ma'abota haɗe-haɗen na'urori suke ƙera mutum-mutumi, kyamarar tsaro da na'urar ba shuka ruwa, har manya suka fi yaran da aka yi ta dominsu rububinta.

A 2015 aka fitar da Pi Zero a kan dala 5, sai Raspberry Pi 5 a 2023. Yawancinsu a masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales ake ƙera su.