Gwangwanin Fenti da Kwamfuta Mai Kalar Madara

Duk wanda ya shiga ofis a shekarun 1990 zai tuna kamannin kwamfutocin lokacin. Akwati da allo da linzami duk kala ɗaya ce, wani fari mai dishi-dishi kamar madarar da ta daɗe a kan wuta. Da irin wannan kala Apple II ta fito a 1977, IBM ma ba ta kauce mata ba a 1981, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ofisoshi ne manyan masu saye a lokacin, kuma ba manajan da ke son na'urar da za ta ɗauke hankalin ma'aikata. Ga kuma sauƙin haɗi: allon wannan kamfani zai zauna da akwatin wancan ba a ga bambanci ba. A Jamus har ƙa'idojin wurin aiki sun fi son kayan ofis masu haske, shi ya sa da IBM ta fitar da baƙar ThinkPad a 1992, sai da ta yi wa kasuwar Jamus mai ruwan toka.

Matasa masu wasannin kwamfuta na cikin waɗanda suka fara ƙosawa. Kafin intanet ta yi sauri, sai kowa ya ɗauko kwamfutarsa a haɗu a zaure ɗaya a jona su da waya, kamar yadda ake yi a taron QuakeCon da aka fara a Texas ta Amurka a 1996. To, mutum ya kashe kuɗinsa ya haɗa na'ura mai ƙarfi, ya zo ya tarar da ɗaruruwan akwatuna sak irin nasa. Da me za a gane shi? Sai aka koma ga gwangwanin fentin feshi.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Za a kwance komai, a fitar da kayan lantarkin ciki, a goge ƙarfen da samfefa har sai tsohon fentin ya daina sheƙi, domin sabon ya samu abin kamawa. Daga nan a fesa fentin shimfiɗa, a bi shi da kala sama-sama sau uku ko huɗu, ana jira kowane ya bushe. Wanda ya ce zai gama a feshi ɗaya, fentin zai yi masa hawaye. A ƙarshe a rufe da fenti garai-garai mai sa ƙyalli. Akwai wuraren da ba a taɓawa: bakin da waya ke shiga, da inda ƙarfen sanyaya ke manne da abin da yake sanyayawa, domin fenti yana tare wutar lantarki, yana kuma hana zafi wucewa. Duk wannan sana'ar masu fentin mota ce aka aro, ba wani sabon ilimi ba.

Da ƙananan kamfanoni suka ga akwai kasuwa, sai suka shigo. Falcon Northwest na Oregon da VoodooPC na Kanada suka riƙa sayar da kwamfutoci masu fentin mota da tsada, Alienware na Miami kuma ya fito da kore da shuɗi masu kashe ido. An fi jinjina wa Apple saboda shuɗiyar iMac ta 1998 da kaloli biyar da suka biyo baya a 1999, amma a ganina an cika yabon. Kalar iMac a cikin robar take, kamfani ne ya zaɓar maka. Mai gwangwani kuwa shi ya zaɓar wa kansa.

A 2006 Dell ya sayi Alienware, HP ya sayi VoodooPC. Kafin nan baƙi ya riga ya mamaye kasuwa, ya zama kalar kowa da kowa kamar yadda ta madara ta taɓa zama. Daga baya aka kawo akwatuna masu gefen gilashi da fitilu masu canza kala da danna maɓalli, fesa fenti ya ragu.

Tsofaffin akwatunan kuwa robarsu ta koma rawaya saboda shekaru da hasken rana. Masu tara kayan tarihi sun rabu a kansu: wasu na wanke robar da sinadarin haidirojin feroksaid don dawo da kalar asali, wasu na ganin fesa musu fenti ɓarna ce da ba ta gyaruwa. A gefe guda kuma ga matasan da ba a haife su ba a 1996 suna sayen sabon baƙin akwati, su goge shi da samfefa, su fesa masa kalar madara.