Daga Abjadi zuwa Kwamfuta: Tarihin Juya Sautin Kiɗa a Rubuce

Tun kafin Turawa su daidaita layukan nan biyar da suke ɗora ɗige-ɗigen kiɗa a kansu, malaman Bagadaza sun riga sun ɗaure sauti da harafi. Al-Kindi, a ƙarni na 9, da haruffan abjadi ya nuna matakan sautin kayan kiɗan udu. Sa'an nan Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya ga faɗuwar birnin a hannun sarkin yaƙi Hulagu a 1258 kuma ya rasu a 1294, ya zo cikin Kitabul Adwar ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa kashi 17, ya ba kowanne alamarsa bisa jerin alif, ba, jim, dal, wanda masu hisabi suka sani sarai, ya kuma ajiye lamba ƙarƙashin harafi domin bayyana tsawon lokacinsa.

Turai kuwa ta bi tafarkin Guido na Arezzo, malamin majami'a a Italiya a ƙarni na 11, wanda ya kafa ginshiƙin rubutu a kan layuka. Tafarki ne mai daɗi ga idon makaɗi, amma mai tsananin wahala ga wanda sana'arsa ita ce juyar takardun kiɗa da alƙalami, domin idan muryar mawaƙi ta kasa kaiwa inda aka rubuta, ko kuma aka ce a fitar da rabon mai busa kilarinet, wadda galibinta takan fitar da amo mataki ɗaya ƙasa da abin da ke rubuce, to, wajibi ne ya bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa ko saukewa, shafi bayan shafi, alhali kuwa tuntuɓen alƙalami guda ya isa ya ɓata taron makaɗa baki ɗaya. A ganina waɗannan bayin Allah, da sunayen mafi yawansu suka ɓace, ba a ba su haƙƙinsu a tarihi ba.

Da kwamfuta ta zo, sai harafi ya dawo, tun da haruffa ne ke ƙarƙashin yatsun mai bugawa. Chris Walshaw ya fitar da tsarin ABC na rubuta kiɗa da haruffa a 1993, kuma a 1996 wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara manhajar LilyPond, inda mutum zai rubuta c d e, na'ura ta zana masa layukan Guido. Fa'idar a nan ita ce, abin da aka rubuta da harafi ana iya musanya shi da ƙa'ida: umurni guda, \transpose c d, ya wadatar a ɗaga waƙa gaba ɗayanta mataki ɗaya, kuma wanda ya iya harshen kwamfuta na Scheme yana iya shardanta cewa duk inda sauti kaza ya bayyana a maye gurbinsa da wani, sauran kuma a bar su yadda suke. Sai dai hukunci na hannun mutum, domin sauti ɗaya kan amsa suna biyu, kuma na'ura takan zaɓi wanda ya inganta a lissafi ko da zai wahalar da mai karatu.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne manhajar LilyPond ta tanadi haruffa ga rabin rabin mataki, har ana iya rubuta maƙamin kiɗa na Rast da su a kuma juya shi, Rast ɗin da sunansa yake cikin littafin al-Urmawi tun shekaru fiye da 700 da suka shige.