Tukunyar da Ta Ƙi Tashi

A bakin mai dafa burkutu babu kalmar da ta kai "tashi" nauyi. In tukunya ta tashi an samu na cefane, in ta ƙi, dawar da aka yi kusan mako ana wahala a kanta ta tafi a banza. Kalmar kuwa ba tata ce ita kaɗai ba. Mai waina da ita take kwana, mai gidan burodi ma haka. Musulmin da bai taɓa kusantar giya ba ya san ta tun yana yaro, ranar da yayarsa ta buɗe roba da asubar hunturu ta ce, "Inna, ƙullun nan fa bai tashi ba." Abin da ke aiki a duka ukun ɗaya ne, wato yis, ƙwayar halitta mai rai da ke cin sukari tana fitar da iska da barasa. A burodi da waina wuta ce ke korar barasar, iskar ta bar ramuka.

Sunan yis baƙo ne a bakinmu, amma aikinsa ya riga sunan zuwa da nisa. Sai a 1883 Emil Hansen ya ware tsantsar yis a kamfanin Carlsberg na ƙasar Denmak. Kafin nan, kuma har gobe a garuruwan Maguzawa da Filato da kudancin Kaduna, ragowar da ta kwanta a gindin tukunyar baya ita ake zuba wa sabuwa. Haka masu pito ke yi a arewacin Gana, da masu dolo a Burkina Faso, da masu bili-bili a Kamaru da Chadi.

Tashi yana farawa ne daga tsiro. Dawa yadda take ba ta da zaƙin da yis zai ci, sai an jiƙa ta, an baza a inuwa an rufe, ana yayyafa ruwa kwana huɗu ko biyar har ta fitar da saiwa, sannan a shanya a niƙa. Sunan ya tsaya kan abin da ido ya gani, amma ainihin aikin a cikin ƙwayar yake, inda take sakin sinadarin da ke mayar da sitaci sukari. Shi ne dai sirrin tsiron shinkafa a kunun zaƙi. Tukwane da yawa da ake ɗora wa yis laifinsu, tun daga nan suka samu matsala: tsiron bai nuna ba, ko an gaggauta masa wuta kafin ya gama aikinsa.

Sai tsami, wanda mutane kan haɗa shi da tashi alhali ba abu ɗaya ba ne. Bayan dahuwar farko ana barin ruwan ya kwana ya yi tsami, kuma masu wannan aiki wasu ƙwayoyi ne daban, dangin waɗanda ke cikin nono da kamu. A sake tafasawa a tsayar da su, a bari ya huce, sannan a kawo yis. Louis Pasteur ya bayyana wa masana a 1857 cewa ƙwaya mai rai ce ke kawo tsamin nono, ba kuma irin ta giya ba ce. Hausa ta daɗe da raba ayyukan biyu da suna, abin da nake ganin ya cancanci yabo. Inda ta gaza shi ne tsami na biyu, mai kaifi, mai hawa hanci, wanda ke zuwa in iska ta daɗe tana shiga har barasar ta koma ruwan kal. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da tsamin da ake nema da wanda ake gudu, sai hancin mai dafawa ya raba gardama.

A kan tukunyar da ta yi shiru ne suna ya fi yin tasiri. Tukunyar da ta ƙi tashi ba ta taɓa farawa ba: ruwa shiru, babu kumfa, babu ƙarar nan ƙasa-ƙasa da kunne ke ji in an kara shi a bakin randa. Galibi an zuba yis ruwan na da zafin da yatsa ba ya jurewa, ko ragowar ta tsufa. Wadda ta kwanta kuwa ta fara, kumfa ya hau har ya bar zobe a wuyan tukunya, sannan ya faɗa. Kwanciyar ma iri biyu ce, domin wadda ta gama aiki shiru take yi, wadda ta maƙale a hanya ma shiru. Masu dafa giya a gida a Ingila da Amurka ba sa yarda da kumfa, suna da ma'aunin gilashi da ke yawo a ruwan yana nuna zaƙin da ya rage. Giyar da ta fara daga 1.050 kan sauka zuwa wajen 1.010, in ta tsaya a 1.025 kwana biyu ko uku ba motsi, sun san ta maƙale. Mai burkutu harshenta ne ma'auni. In zaƙi na nan daram, aiki bai ƙare ba.

Kalmar da ba na so a yi saurin furtawa ita ce "ta mutu". Zafi ne ke kashe yis, sanyi barci kawai yake sa shi, ya sauka gindin tukunya ya lafe. Mai dafawar da ta ce ta mutu za ta zubar ko ta bai wa dabbobi. Wadda ta ce ta kwanta za ta jawo tukunyar kusa da murhu ta lulluɓe da buhu, ta motsa gindin da muciya mai tsabta, in bai isa ba ta ɗebo ƙwarya guda daga tukunyar maƙwabciya da ke kan ganiyar kumfa. Sai dai gyaran ba ya jira. Ruwa mai zaƙi da yis ya sake wa fili ba ya daɗewa kafin ƙwayoyin tsami su mamaye shi, musamman in zafin rana ya dawo, kuma in suka riga suka kama, ko an zuba sabon yis ba zai mayar da ɗanɗanon yadda ake so ba.